Yadda Na Kai Baba Gidan Abincin Indiyawa a Ankara

Kumasi zuwa Nsawam

Tun kafin kiran assalatu na bar gida a Zangon Kumasi, na damƙa wa maƙwabciyata yarana da makullin rumfar atamfata. Wani direba ne ya kawo mini saƙon ƙanena Ɗanjuma cewa Baba ya daina cin abinci. Likita ya hana shi nama saboda ciwon gaɓoɓin da ke kumbura masa ƙafa, shi kuwa mahauci ne tun yana saurayi, ya ce tuwon da ba tsoka a kansa ba zai wuce maƙogwaronsa ba. Wannan a shekarun farko na samun 'yancin kai ne.

Na sami wuri a babbar motar katako, tsakanin wata mai ayaba da buhunan goro. Direban Ba'asante ne mai jin Hausa, ya tambaye ni ko biki za ni. Na ce masa rigima za ni yi da tsohona. Ya yi dariya ya ce in zauna kusa da ƙofa, kada in makara.

Mun tsaya a Nkawkaw da hantsi, na sha koko da ƙosai a tsaye. Gaba kaɗan 'yan sanda suka tare mu a shinge, suka sa aka sauke rabin kaya aka mayar. A Nsawam na sayi burodi mai zafi ta taga, ina tunanin ko shi Baba zai karɓa.

Nima

La'asar sakaliya muka sauka a Circle, babban shataletalen Ankara, na hau tirotiro, ƙaramar motar haya, zuwa unguwar Nima. Na iske Baba a kan tabarma a ƙofar ɗakinsa, ƙafarsa a kan matashi. Mutumin da ke kayar da bijimi shi kaɗai, ga shi rigarsa ta yi masa yawa. Rabi, matar Ɗanjuma, ta ce ta gwada miyar kuɓewa, ta gwada taushe, ta gwada shinkafa da wake, sai ya ɗaga murfi ya leƙa ya mayar. Shayi kawai yake sha.

Burodin ma ya ƙi. Sai na ajiye nawa kwanon kusa da nasa, na rufe.

"Baba, ranar da ka ci, ranar zan ci."

Ya ce wannan shirme ne, in tashi in ba shi wuri. Ban tashi ba. Na kwana da yunwa, na wuni da ita, yana kallona ta gefen ido yana jan carbi.

Da yamma Ɗanjuma ya dawo daga aiki. Direba ne a kantin wani Ba'indiye mai sayar da yadi a cikin gari. Ya ba mu labari cewa matar maigidansa ta buɗe ɗan gidan abinci a bayan kantin, kuma mutanen ba su taɓa cin nama ba tun kakanninsu, ko ƙwai ba sa taɓawa, amma ga su da ƙiba da ƙarfi. Baba ya ce ƙarya ce, a ɓoye suke ci. Na ce to mu je ya gani da idonsa, in ya ɗanɗana ya ce ba abinci ba ne, na yi alkawari zan koma Kumasi in ƙyale shi. Ana haka aka kira magariba. Bayan ya idar ya ce a fito masa da babbar rigarsa gobe, ba don abincin ba, don kada in mutu masa a gida mijina ya zo yana tuhumarsa.

Bayan kantin yadi

Bayan azahar muka ɗauki tasi, don Baba ba zai iya hawa tirotiro ba. Muka bi ta Circle muka gangara cikin gari, yana ta faɗa wa direba ya yi a hankali a kan ramuka.

Ɗaki ɗaya ne dogo, fentin bangon bai gama bushewa ba, tebura kaɗan, fanka tana juyawa a sama. A wani lungu akwai hoto da furanni da turaren tsinke. Baba ya dube shi sau ɗaya, ya sa aka juya masa kujera ya ba shi baya. Kafin ya zauna sai da ya sa Ɗanjuma ya tambaya ko ana zuba giya a girki. Aka ce ko kusa.

Matar ta fito, gajera ce mai furfura a goshi, ta naɗe jikinta da zane ɗaya dogo. Ta haɗa tafin hannunta ta gaishe mu, ta tambayi Ɗanjuma da Turanci wace sana'a mahaifinsa yake yi. Ɗanjuma ya fara kame-kame, don ya san yadda suke girmama saniya. Baba ya gane, ya ce, "Gaya mata gaskiya. Mahauci ne ni, shanu nake yankawa."

Fuskarta ta canja. Ni kuwa na riga na fara tattara mayafina don na ɗauka korarmu za a yi. Sai ta faɗi wata magana a hankali ta shige ciki. Ɗanjuma ya ce cewa ta yi, baƙo baƙo ne, kuma ita da kanta za ta zuba masa.

Aka kawo wa kowa babban farantin ƙarfe da ƙananan kwanoni a jere a kai. Akwai shinkafa fara, da gurasa siririya mai zafi, da wani wake ƙanana da aka dafa har ya narke ya yi rawaya, da kuɓewa soyayya wadda ba ta yauƙi, da alayyafo da dankali, da kindirmo. Ba cokali, da hannun dama suke ci kamar mu.

Ban taɓa nawa ba. Baba ya daɗe yana kallon farantin. Sai matar ta zo da ludayi ƙarami ta kwarara masa wani mai a kan shinkafar. Ya sunkuya ya shaƙa.

"Wannan man shanu ne," in ji shi. "Kuma wanda ya soya shi ya san aikinsa."

Ya yi bisimilla, ya gutsuri gurasa ya dangwali waken. Ya tauna a hankali, ya sake dangwala. Ya ce akwai tafarnuwa da citta da tsamiya, sai wani abu da bai sani ba. Bai ɗago ba sai da kwanon ya ƙare, matar ta ƙara masa bai hana ta ba. Can ya dube ni ya ce, "Ke kuma me kike jira?" Sai na kai lomar farko.

Ƙofar madafa

Na san ba kullum za a riƙa ɗauko tsoho daga Nima a tasi ba. Na roƙi matar ta nuna mini yadda ake waken. Ta ƙi, ta ce wanda ke taɓa nama ba ya shiga madafarta. Ban yi musu ba. Washegari da sassafe na dawo ni kaɗai na zauna a dakalin ƙofar baya. Ta fito zubar da ruwa ta gan ni, ta koma. Da ta sake fitowa ta same ni a nan, sai ta nuna takalmina, na cire, ta ja mini layi da yatsa a bakin ƙofa. Daga nan na tsaya ina kallo.

Ba mu da yare ɗaya. Sai ta ɗebo abu ta miƙo mini a tafin hannu in shinshina. Ashe sirrin a ƙarshe yake: in wake ya nuna, sai a zafafa man shanu a soya kayan ƙamshi har su fara tsalle, a juye a kai ya yi ƙara. Na yi ta zuwa har ranar da na kawo mata nawa girkin a kwano. Ta ƙi ɗanɗanawa, tunda daga tukunyarmu ya fito, amma ta shinshina ta ce in rage wuta. Ta ƙulle mini kurkum da wasu 'ya'yan ƙamshi a tsumma.

Na koya wa Rabi da wakenmu na kasuwar Nima, muka ware tukunya guda domin wannan girkin. Baba ya ci ya ce bai kai na Ba'indiyar ba, amma ya suɗe kwanon.

Komawa

Ranar da zan tafi ya rako ni har bakin titi da sandarsa, abin da ya yi watanni bai yi ba. Ya ce in gaya wa mijina yana tausaya masa da zama da mace mai taurin kai irina, sa'an nan ya ɗora hannu a kaina ya daɗe yana addu'a.

Motar ta lalace mana a Konongo, sai bayan magariba na shiga gida, yara suka rufe ni. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Rabi da Ɗanjuma, da wannan baiwar Allah da har yau ban iya faɗin sunanta daidai ba, wadda ta san sana'ar tsohona sarai kuma ta ƙara masa abinci da hannunta.