Alalen Inna da Farar Leda

Sana'ar Inna alale ce. Tun kafin in yi wayo take yin ta a gidanmu da ke Nasarawa Gwom, kuma a ganye take naɗewa. Ganyen mai faɗi ne, kore shar, daga Kudu ake kawo shi. Wata Ibo ce mai rumfa a babbar kasuwar Terminus take sayar mata. Madam muke ce da ita. Tana hango Inna sai ta ɗaga jiƙaƙƙen buhu ta zaro ɗauri ta ce, "Hajiya, naka ne na ɓoye." Inna ba ta taɓa gyara mata Hausa ba, ni ma ta hana ni dariya.

Har yanzu in na tuna gidan, ƙamshin nan ne ke fara zuwa mini: sanyin safiyar Jos, an buɗe tukunya, tururin wake da manja da dafaffen ganye ya cika tsakar gida ya fita har layi. Teloli da kanikawan unguwa kowa da kwanonsa yake zuwa.

Shekarar da kasuwa ta ƙone, rumfar Madam na cikin waɗanda wuta ta cinye. Inna ta yi ta cigiyarta, daga baya aka ce ta koma garinsu. Ba mu sake ganinta ba. Ganyen da ake samu a bakin titi kuwa kafin ya zo hannu ya yi yaushi. Inna ta gwada gwangwanin madara, ya riƙa tsatsa yana yanka mata yatsu. Daga nan ta koma farar leda, kamar yadda sauran masu alale suka yi.

Gaskiya ledar ta sauƙaƙa mata. A zuba ƙullu, a ɗaure baki, a jefa cikin tafasasshen ruwa, shi ke nan. Wani maƙwabcinmu mai fenti ya ba ta manyan bokitai, ta wanke su tas tana jiƙa wake a ciki. Shekaru aka yi a haka, har na yi aure na bar gidan.

Autarmu ce ta tayar da maganar. Ta yi makarantar koyon aikin lafiya, ta zama duba-gari. Wata Asabar na zo gida na tarar da ita tsaye tana kallon tukunya. Ta jira har masu saye suka watse. Sannan ta zauna kusa da Inna, a hankali ta yi mata bayani: ba kowace roba aka yi don abinci ba, waɗanda aka yi dominsa akan buga musu alamar kofi da cokali mai yatsu a gindi. Ta ce zafi da mai sukan jawo sinadarin leda ya shiga abinci, kuma ba abu ne da mutum zai ji a jikinsa nan take ba. Bokitin fenti kuwa, ko sau nawa aka wanke shi, bai dace da wake ba.

Inna ta ɗaure fuska. Abin da ta ji shi ne 'yar cikinta na cewa ta yi shekaru tana cutar da maƙwabta.

"Da alalen nan kika girma," in ji ta. "Me ya same ki?"

"Inna, ban ce kin cuci kowa ba. A lokacin babu wanda ya gaya miki."

Inna ta tashi ta shiga ɗaki. Kwanaki suka yi, in ban da gaisuwa babu abin da ke haɗa su. Ni kuwa ina tsakiya, kowacce ta kira ni ta kawo ƙara.

Babu wanda ya lallashi Inna. Wata safiya tana shara ta ɗauki ledar da wani ya ci alale ya yar. Ta ga ta yi laushi, ta yamutse, manja ya rina ta ja. Ta sa omo ta cuɗa, jan ya ƙi fita. Da na je ta nuna mini ita, ta ce, "Duba nan. Tunda mai ya shiga jikin leda, me zai hana leda shiga jikin mai?"

A makon ta sa auta ta raka ta Terminus, wurin masu kasa kaya a gefen titi. Auta ta ce Inna ta riƙa kifa robobi ɗaya bayan ɗaya tana leƙa gindinsu, har mai kayan ya tambaya ko wani abu nata ne ya ɓace. Suka dawo da farin bokitin abinci da ƙananan kofunan silba na dafa alale.

Masu saye sun yi ƙorafi. Wani kanike ya ce shi alalen leda a aljihun jaket yake sa ta, ta ɗumama masa hannu kafin ya kai gareji. Inna ta yi dariya ta ce ya sayi safar hannu, kuma gobe ya zo da kwano. Wasu sun koma wurin masu leda, ba ta yi fushi da su ba. Mafi yawa sun ci gaba da zuwa.

Yanzu ciwon gwiwa ya sa ta ajiye sana'ar. Sai dai duk gidan sunan da muka je, in aka miƙo mata abinci a roba, sai ta ɗaga ta duba ƙasanta a gaban masu gida, mu kuma mu sunkuyar da kai. A bikin 'yata ta fari ta hana a naɗe tuwo mai zafi a leda. Mata suna ta gunaguni, ita kuwa tana zaune kan kujera a bakin murhu, tana nuna musu kulolin da za su zuba.