Kunkurun da Aka Mayar Ɗakin Sanyi

Har na ajiye aiki ban manta da Talatar da aka aike ni unguwar Kawukudi a Akra duba kunkuru ba. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan, ku buɗe kunne, don za ku gamu da irinta ko ba a kan kunkuru ba.

Ni ba likita ba ne. A asibitin dabbobi likita ke yanke hukunci ya rubuta magani, mu mataimaka mu ke kama dabba, mu auna ta, mu yi allura, mu sha harbi da cizo. Amma a unguwannin Nima da Mamobi duk wanda ya sa farar riga ya riƙe jaka Dokta ne, ni kuwa ban taɓa ɓata bakina wajen gyara wa kowa ba. Cikin watan Agusta ne, lokacin da Akra ke ɗan sanyinta, rana ba ta leƙowa sai ta ga dama. Shugabarmu, wata likita 'yar Kumasi da ba ta jin Hausa, ta miƙo min takardar fita. Ta ce wani Alhaji Inusa ya bugo waya sau huɗu, kunkurunsa ya kwana goma sha ɗaya bai ci komai ba.

"Mutanenka ne," in ji ta. "Je ka ji da su."

Da na isa, na tarar da wani dattijo zaune a wajen ƙofa bisa jakar kayansa, buta da tabarma a gefe. Baba Salifu ke nan, mutumin Bawku, maigadin gidan shekara goma sha huɗu. Bai buɗe min ba, saboda an karɓe makullan daga hannunsa. Direba ne ya shigar da ni.

Alhaji Inusa dillalin tayil ne, kuma ba sai an gaya maka ba. Tsakar gida tayil, katanga tayil, har kututturen mangwaron da ya sare an lulluɓe shi da tayil. Na same shi a falo da abokansa uku, irin waɗanda aikinsu shi ne cewa "haka ne, Alhaji". Kafin in zauna ya zayyana min komai. Kunkurun gadon mahaifinsa ne, daga Nijar aka kawo shi, kuma shi ne tsarin gidan: muddin yana ci, arziki na nan. Wani malami ya duba ya ce an ɗaure wa kunkurun baki, kuma ɗan gida ne ya yi. Wa ke ba shi abinci? Salifu. Don haka ran Juma'a bayan salla Salifu zai dafa Alƙur'ani a gaban jama'a. Alhaji ya riga ya faɗi wannan a bakin ƙofa da ƙarfi, duk layin sun ji. A zango kuwa, wato unguwanninmu na Hausawa, in aka ce an sayi maigadi ya yi wa maigidansa asiri, ya gama aikin gadi, ko shagon gawayi ba mai ba shi.

Ƙa'idar aikinmu, kafin ka taɓa dabba ka cike takarda: me take ci, ina take kwana, yaushe ta canza. Alhaji ya ce in zo in gani da idona. Ya buɗe wani ɗaki kusa da falo, sanyi ya buge ni har cikin haƙora. Na'urar sanyaya ɗaki na ta huci. A kusurwa, bisa darduma mai laushi, ga kunkuru ƙato, irin na sahel da sai mutum biyu ke ɗaga shi, ya shige cikin ƙoƙonsa. A gabansa an jera faranti: jolof da cinyar kaza, tsire, fura da nono, burodi jiƙe da shayi.

"Dokta, duba paa, duba da kyau," in ji Alhaji. "Tun da na gyara gida na ce kayan ubana bai ƙara kwana a ƙasa. Abin da ni na ci, shi ma shi za ya ci. Ban rage shi da komi ba koraa, ko kaɗan. In ba hannun mutum ba, mene ne?"

"Haka ne, Alhaji," in ji abokan.

Na durƙusa na duba. Ido garau, hanci a bushe, numfashi ba ƙara, baki ba miki, nauyinsa yana nan. Amma da na dafa bayansa sai na ji kamar na dafa randa. Ga waɗanda ba su sani ba, kunkuru ba ya yin zafin jiki da kansa, a rana yake ɗauka. In ya yi sanyi cikinsa tsayawa yake, ko me ka ajiye masa ba zai kalla ba. Abincinsa kuma ciyawa ce da ganye. Nama da madara da shinkafa cuta ne a gare shi, don haka ƙin cin da ya yi shi ne kaɗai hankalin da aka yi a ɗakin nan.

Na fita wajen Baba Salifu na tambaye shi.

"Ofisa, da can bayan gida yake, kusa da ɗakina, inda ƙasa ya rage. Ciyawa nike yanko mashi, da ganyen alefu da ayoyo da matan kasuwar Malam Atta suka zubar. Na gaya ma Maigida sanyi bai yi mashi. Ya ce wacman bai koya mashi riƙon kayan ubanshi."

Ga ciwo, ga magani, ga mai laifi, duk cikin rabin sa'a. Abin da ya rage in koma falo in faɗa. Amma Alhaji a sahun gaba yake salla a masallacin da ni nake sahu na shida, kuma ga abokansa sun zuba min ido. Sai na yi dabara, har ina yaba wa kaina. Na kira shugabarmu na shaida mata, ta yi dariya ta ce in rubuta a takardar asibiti mai hatimi, don manya ba sa yarda da maganin da ba shi da hatimi. Na rubuta: a fitar da shi bayan gida inda rana ke samunsa, a zaunar da shi cikin ruwa mai ɗumi kullum da hantsi, ruwan kada ya kai hancinsa, a ba shi ciyawa da ganye kaɗai. Na ƙara da baki cewa maganin ba ya ci sai ta hannun da kunkurun ya saba da shi. Da wannan na mayar da Baba Salifu cikin gida.

"Allura fa?" in ji Alhaji.

Na ce sai ya fara ci.

"To wane ciwo ne?"

Na ce sanyin ciki.

"Wa ya sa mashi?"

Nan ne wurin. Na dubi Alhaji, na dubi tayil, na ce, "Allah ne ya kawo, Alhaji."

Ran Alhamis na koma, kamar yadda ƙa'ida ta ce a bi dabba bayan kwana biyu. Kunkurun na bayan gida, wuya a miƙe, yana fizgar ciyawa daga hannun Baba Salifu. Na shiga falo ina jiran yabo, sai na tarar Alhaji na ba da labari, abokan sun ƙaru zuwa bakwai.

"Kun gani? Da ya ga Juma'a ya matso, ya kwance abin da ya ɗaure. Hannunshi ya ɗaure, hannunshi ya kwance, Dokta ma ya ce sai hannunshi. Amma ni na yafe mashi. Ya ci gaba da aikinshi, ba sai ya rantse ba."

Jikina ya yi sanyi fiye da na kunkurun. Na ce, "Alhaji, ba haka ba ne, na'urar ɗakin nan ce da abincin..." Suka kwashe da dariya. Ɗaya ya ce, "Dokta, kai boko ka sani. Ba kai ka ce Allah ya kawo ba?" Ihu bayan hari na yi, kuma na sani.

Baba Salifu bai karɓi yafiyar ba. Ran Juma'a, ba wanda ya kira shi, ya miƙe bayan salla ya roƙi liman a kawo Alƙur'ani, ya dafa ya rantse. Wasu suka yarda, wasu suka ce ai ya riga ya kwance. Ya koma ya ajiye makullai ya ɗauki jakarsa. Na cim masa a mahaɗar Kawukudi yana jiran trotro, motar haya. Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga hannu.

"Ofisa, tambaya ɗaya. Ran Talata ka san gaskiya?"

"Na sani, Baba."

"To."

Ya hau mota. An zage ni a aikin nan, wani sa ya taɓa karya min haƙarƙari biyu, amma babu abin da ya yi min ciwo kamar wannan "to" ɗin. Kunya na ji, har yau kuma ina ji.

Saboda haka ku riƙe wannan. In kun je gida, ku tambayi mai ba dabba abinci kafin mai dabbar. In kuma kun tarar an ɗora wa wani laifi a kan ciwonta, ku faɗi abin da kuka gani a ranar, da babbar murya, a gaban waɗanda suka ji zargin, ko da maigidan a sahun gaba yake salla. Ni na jira kwana biyu kacal. Kunkuru ya warke, aka rubuta a fayil cewa aiki ya yi kyau, dattijo kuma ya koma Bawku da sunan da ba nasa ba.