Kwandon Nababa

A garinmu, da zarar damina ta sauka zabi suka fara saka, mata kan fara cigiyar Nababa. Shi ba ya kiwon zabi, ko kazar da ke gidansa ta matarsa Barira ce. Aikinsa shi ne ya hau tsohon baburinsa ya nufi ƙauyukan gefen Watari, ya sayo ƙwan zabi na kwanci, ya jera su cikin ƙaiƙayi a kwandon da yake ɗaurewa kan tanki, ya kawo wa mata su saka wa kaji. Mata sun yarda cewa hannunsa na da albarka, duk ƙwan da ya ɗauko sai ya ƙyanƙyashe. Da wannan suna ya ci da gidansa shekara da shekaru.

Ni maƙwabcinsa ne, kuma na san ba hannu kaɗai ba ne. Nababa ba ya gudu. In ka ga tuƙinsa sai ka rantse amarya ya ɗauko. Gaban babur ɗin ma da laushi yake, yana shanye gargada kafin ta kai ga kwando.

To, ƙarfe ma yana gajiya. A shekarun nan da fetur da hatsi suka fi ƙarfin talaka, sifirin ɗin da ke cikin shokazobar gaba, mai shanye gargadar nan, ya saki. Gaban babur ya durƙusa, kowane rami sai ka ji ƙwas. Ya tura shi wurin Khalilu bakanike.

Khalilu ya danna gaban sau biyu ya ce, "Baba Nababa, sifirin ya mutu. Sai sabo."

"Sabo a wannan zamani? Yi mini dabara dai, ɗana."

Dabarar kuwa kowa ya san ta. Khalilu ya yanko guntayen bututun ƙarfe, ya cusa ɗaya a saman kowane sifirin, ya ɗaure. Nan take babur ya ɗaga kai kamar saurayi, ƙarar ta ɗauke. 'Yan acaɓa duk haka suke yi, masu ɗaukar buhuna zuwa Dawanau ma haka, kuma buhun dawa bai taɓa kai ƙara ba. Khalilu bai cuce shi ba. Abin da bai faɗo wa kowa a rai ba shi ne gaban ya sandare, duk wata girgiza yanzu kai tsaye take hawa.

Nababa ya ji ta a wuyan hannunsa, ya ce tsufa ne. Ya yi ta jigila. Kullum in ya sauka sai ya ɗaga ƙwai ɗaya bayan ɗaya ya duba, babu ko tsaga. Amma ƙwan kwanci ba sai ya fashe yake lalacewa ba, jijjiga kaɗai ta isa ta kashe abin da ke ciki.

Wata ya kusa cika, kaji suka fara tashi daga kan ƙwai. Gidan Hure bara-gurbi, gidan Maijidda haka, gidan Nana ma ko tsako ɗaya. Matan nan wasu sun sayar da ɗan wakensu, wasu sun hana kansu abin miya, suna sa ran zabin da za su kai kasuwa kafin Sallah. Ba wadda ta zage shi, kuma da zagin suka yi da ya fi sauƙi. Cewa kawai aka yi albarkar hannun Nababa ta tashi.

Shi ya gane inda matsalar take. Ya koma aka zare masa guntayen, ya bi gida gida yana bayani daga zaure. Sai a amsa daga ciki, "Allah sarki, Malam Nababa, ba komai." Wa zai tsaya sauraron zancen sifirin alhali kaza ta ɓata kwancinta? Abin ya ba ni haushi, ya kuma ba ni tausayi, don mutumin nan bai taɓa ha'intar kowa ba.

Da rani ya sayar da akuyarsa ya sa sabon sifirin. Damina ta dawo, ya wanke kwando ya zuba sabon ƙaiƙayi. Yakan zauna a ƙofar gida da hantsi yana jiran saƙo. Saƙon kuwa duk wurin Tasi'u yake tafiya, wani mai sabon babur da ya shigo harkar.

Wata la'asar muna zaune sai ga Tasi'u ya tsaya, ya gaishe mu yana sunkuyar da kai, ya ajiye ƙaramar ƙwarya rufe da faifai a bakin zaure. Ya ce saƙon Inna Barira ne. Nababa ya ɗaga faifan, ya daɗe yana kallon ƙwan zabin da ke ciki. Ya miƙa hannu zai ɗauki ƙwaryar, sai ya janye, ya goge tafin a rigarsa.

Ya leƙa cikin gida ya ce, "Barira, fito ki ɗauka da kanki. Allah ya sa su ƙyanƙyashe."