Rediyon da ba ya ji da rana

Ko nawa zan tsufa, ban ga abin da zai mantar da ni wata ranar Talata a ƙarshen bazara, a shekarata ta tara da kama aiki ba. A lokacin ni ne babban mai gyara na shiyyar Anka, Gummi da Bukkuyum, ina kula da rediyon oba-oba da aka saka a ƙananan ɗakunan shan magani na ƙauyukan da waya ba ta kamawa. Da shi suke kiran motar asibiti, da shi kuma ƙauye ke gargaɗin ƙauye idan an hango ɓarayin daji. Ƙa'idar aiki ita ce kowace tasha ta amsa kiran ofis sau uku: takwas na safe, bayan azahar, da biyar na yamma.

A wani ƙauye can bayan Zugu, mai riƙe da rediyon shi ne Malam Bawa, dattijo mai ba da magani, wanda ya haura hamsin. Da safe muryarsa tangaran. Kiran azahar kuwa sai shiru, haka aka yi ta yi har wajen mako shida. Mu a ofis mun riga mun yanke masa hukunci: tsoho ne, barcin rana yake yi. Har tsokanarsa nake yi da safe ina tambayarsa ya gajiyar tabarma.

Ranar Litinin da tsakar rana ɓarayi suka biyo hanyar ƙauyen. Mai rediyon ƙauyen da ke gaba ya gan su, ya yi ta kiran Malam Bawa, ba amsa. Suka kora shanu, suka tafi da mutum biyu daga gona. Kafin magariba magana ta zagaye gari cewa Malam Bawa infoma ne, ɗan rahoton ɓarayi, da gangan yake kashe rediyo. Ku da kuka zauna a yankin nan kun san abin da kalmar nan take jawo wa mutum. Maigari ne ya ja shi cikin zaurensa ya rufe, ya ce kada wanda ya taɓa shi sai ma'aikata sun zo sun duba.

Shugabana ya kira ni da sassafe. "Ka tahi ka duba muna. In rediyo lahiya lau yake, ka rubuta. Ba ruwanmu da sauran."

Na hau babur, na isa wajen ƙarfe goma. Ɗakin ƙarami ne, rufin kwano, taga ɗaya. Na kunna rediyo, na kira ofis, suka amsa kamar muna ɗaki ɗaya. Batir cike, eriya tsaye. Raina ya ɓaci ƙwarai da Malam Bawa, don ni mutum ne mai saurin hawa. Na ɗauko takarda na rubuta cewa na'ura ba ta da matsala, na sa hannu. Abin da ya hana ni miƙa wa maigari nan take shi ne ya tafi ta'aziyya, kuma mai babur ɗina ya ce ba zai kama hanya ba sai ayarin 'yan kasuwa ya tashi bayan azahar.

Zafin ranar ba a magana. Hadari ya haɗu bai zubar ba, iska ta tsaya cak, gumi na bin bayana. Da muka idar da salla na koma ɗakin don in gaya wa ofis mun taso. Na danna, na yi magana. Shuuu. Na sake. Shuuu. Ofis bai amsa ba.

Bari in yi wa waɗanda ba su san cikin rediyo ba bayani. Akwai wani ɗan abu da muke kira kiristal, gwangwanin ƙarfe da bai kai ƙwayar gyaɗa ba. A cikinsa akwai siririn dutse mai kaɗawa sau miliyoyi a daƙiƙa ɗaya, kuma da wannan kaɗawar rediyo ke tsayawa a kan zangonsa. Zafi na sauya saurin kaɗawar kaɗan. Danshi kuma, idan ya samu kafa ya shiga gwangwanin ko ya kwanta a ƙafafunsa, yana ƙara karkatar da shi. Kaɗan ɗin nan ya isa rediyo ya zame gefen zango, ya zama kana magana ba a jin ka, ana kiranka ba ka ji. Shi ya sa irin wannan rediyo ke zuwa da kiristal na musamman, mai gyara kansa idan zafi ya hau.

Na jona na'urar awon zango, na ga ya zame nesa. Na zaro sukurdireba na buɗe murfi. Ƙafafun kiristal sun yi tsatsa kore, allon duk ya yi damshi. Amma ba wannan ne ya fi tayar mini da hankali ba. A gefensa akwai ɗigon jan fenti, alamar da nake sa wa duk abin da na canza da hannuna. Wata huɗu kafin nan an kawo rediyon nan ofis gyara, kiristal ɗinsa na asali ya mutu, ba mu da irinsa a ajiya, sai na ciro na gama-gari daga wata tsohuwar na'ura na liƙa. Na gwada shi da safe, a ofis mai fanka, ya yi aiki, na ce a mayar.

Na je zaure da gudu. Malam Bawa na zaune a ƙasa, hularsa a gwiwa.

"Baba, mi ya kawo ruwa cikin rediyo?"

Ya ɗago a hankali. "Buhu ne nika jiƙawa in lulluɓe shi, kamar yadda muka yi ma jarkar ruwa. Ai kai ka ce in sanyaya shi, yallaɓai."

"Ni?"

"Kai hwa. Sau ukku ina hwaɗa maka da rana ba shi ji. Ka ce in duba batir, na duba. Na ƙarshe ka ce wataƙila zahi ne, in dinga sanyaya shi."

Innalillahi. Na tuna. Ina shan shayi na faɗi maganar, don kawai in sallame shi. Ni nufina ya matsar da shi inuwa. Shi kuwa bawan Allah ya bi umarnin injiniya da hanyar da ya sani, kullum da hantsi yana ɗebo ruwa daga rijiya. Na sa masa kiristal da ba ya jure zafi, sannan da bakina na sa ya ƙara masa danshi. Takardar da za ta iya kashe shi kuma tana aljihuna da sa hannuna.

Da maigari ya dawo, mutane sun cika ƙofar gida, wasu da sanduna. Na roƙi a fito da rediyon a ajiye a kan benci kusa da ƙaramin na hannu da na zo da shi. Na sa ofis su yi kira. Nawa ya amsa kowa na ji, nasu ko uffan. Aka maimaita sau uku. Sannan na faɗi abin da na yi, ban rage komai ba.

Wani magidanci, wanda ƙanensa na cikin waɗanda aka ɗauka, ya matso har ina jin numfashinsa. "To kai ya kamata mu rihe ke nan." Ban ga inda ya yi ƙarya ba. Maigari ne ya shiga tsakani, ya ce mutumin da ya faɗi laifinsa da bakinsa a gaban jama'a ba a taɓa shi a ƙofarsa.

Aka buɗe wa Malam Bawa. Na durƙusa ina ba shi haƙuri, sai ya riƙe hannuna ya tambaye ni, a hankali don kada a ji, ko da gaske ba shi ya ɓata rediyon ba. Ashe kwana ya yi yana lissafin cewa jinin mutanen nan biyu na wuyansa.

Na rubuta wa ofis gaskiyar abin da ya faru, aka ba ni takardar gargaɗi, kuma na cancance ta. Mutanen biyu sun dawo bayan makonni. Na saka kiristal na asali a satin, amma Malam Bawa bai sake taɓa rediyon ba. Kafin kaka ya kwashe iyalinsa ya koma Gummi, don ya ce ba zai iya ci gaba da ba da magani ga mutanen da suka tsaya masa da sanda ba.

Ku da kuke shigowa aikin nan yanzu, kada ku ce na'ura ta yi sai kun gwada ta a ɗakin da za ta zauna, a lokacin da rana ta fi zafi, a watan da iska ta fi danshi. Idan kuma mutumin ƙauye ya ce muku abu ba ya yi da rana, ku je da rana. Shi yake zaune da na'urar, kuma duk kalmar da kuka jefa masa a rediyo zai ɗauke ta a matsayin umarni. Ni na jefa tawa ina shan shayi, wani dattijo ya rasa garin da aka haife shi.