Soson da Inna Ta Wanke

Inna da soso a hannu ta yi rayuwarta. Shara da goge-goge ta yi a wani asibiti tun muna ƙanana har gwiwa ta gaza, kuma a can ma'aikatan jinya suka raɗa mata suna Fes-fes. Idan ta wanke daɓe, likita ma sai ya duba ƙasan takalminsa kafin ya taka. A gida kuwa mun sha wuya. Ka ajiye kofi ka je amsa sallama, kafin ka dawo an wanke shi an kife, har da sauran shayinka. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, yakan ce shi tsoron dogon zama a kujera yake yi, kada a haɗa da shi a dirje. Ba ta yi boko ba, ba ta iya ɗinki ba, girkinta ma dai a ci ne don kada yunwa ta yi illa. Amma ta san abu guda, kuma da shi take taƙama: a cikin datti ƙwayoyin cuta suke ɓuya, maganinsu sabulu da bilic da ƙarfin damtse.

Bayan rasuwar mahaifinmu Yaya ya ɗauke ta ta koma gidansa. Shi ne babbanmu, kuma sana'arsa kifin ado ne na ruwan gishiri, irin na teku masu launi kala-kala. Yana saro su daga nesa ya sayar wa otal-otal da masu hannu da shuni da ke son abin kallo a falo. Gidan akwai injin wanki, akwai na wanke kwanuka, matarsa kuma mutuniyar kirki ce wadda ta haddace magana guda: "Inna, ku huta." Ta ɗauki tsintsiya, a karɓe. Ta nufi kicin, a rako ta kujera. Hutun nan ya fi ciwon gwiwa cin ta. Takan kira ni ta ce, "Ni fa a gidan yayanku an mai da ni tukunyar fulawa, ana dai ba ni ruwa." Abin da take nema bai da yawa, a bar mata aiki guda da za a ce nata ne, don ta ci abincin gidan ba tare da jin nauyi ba.

A bayan gidan akwai ɗaki mai taga ɗaya inda Yaya ke killace sabbin kifaye kafin ya haɗa su da sauran, don kada su shigo da cuta. Tankin gilashi ne tsirara, ba yashi ba duwatsu, sai guntayen bututun roba da kifin ke ɓuya a ciki, da injin iska mai kumfa, da wani ƙaton soso a kusurwa wanda ruwan ke bi ta cikinsa. Soson nan launin ƙasa ne, yana yauƙi, in an ɗaga shi yana warin kududdufi.

Wata rana Inna ta kai masa shayi ta same shi yana ɗiga magani a 'yar kwalba, yana ɗaga ta sama yana kallo.

"Me ake aunawa kuma?" in ji ta.

"Dattin ruwa, Inna."

"Ruwan da yake garau haka?"

"Datti ne da ido ba ya gani. Amoniya ake ce masa, kifin da kansa ke fitar da shi. Kun ga kwalbar nan rawaya ce, to lafiya lau. In ta koma kore, ƙone su yake yi. A ɗakin nan ba mu da abokin gaba kamar datti."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan, ya koma kan wayarsa. Yaya haka yake, rabin magana yake ba mutum, sauran rabin ka nemo da kanka. Rabin da ya riƙe, wanda ni ma sai daga baya na sani, shi ne cewa soson nan mai yauƙi gida ne na wasu ƙwayoyi masu rai da ido ba ya gani, bakteriya, da ke cinye amoniyar. Sai ya jiƙa soso makonni a babban tanki kafin su kama, kuma ba a wanke shi sai dai a ɗan matse shi a tsohon ruwan tankin. Ruwan gishiri kuma ba ya ɗaga ƙafa, amoniyar da kifin rafi zai iya jurewa ita ce ajalin na teku. Inna ba ta ji wannan ba. Ita dai ta ji ɗanta ya ambaci sunan abokin gabanta, a ɗakin da ba injin da zai ƙwace mata aiki.

Ba a jima ba aka kira Yaya ya je wani gari ya kafa tanki. Ya bar sabbin kifaye a killace, an zuba musu wani magani mai sinadarin jan ƙarfe saboda wasu fararen ɗigo da suka fito musu a jiki. Washegarin tafiyarsa Inna ta naɗe hannun riga. Ta ciro soson ta dirje shi da sabulu, ta jiƙa shi a bilic, ta ɗauraye ta sake ɗaurayewa har ba sauran wari ko kaɗan, don ita ba 'yar koyo ba ce, ta shanya shi a rana ya bushe ƙarau, ta mayar. Ta kuma ƙara musu abinci, wai baƙi ne, sun sha hanya. Da yamma ta kira ni da wata murya da rabon da in ji ta tun mahaifinmu na da rai.

"Yau na yi aiki," in ji ta. "Kar ki faɗa wa yayanku, bari ya dawo ya gani da idonsa."

Ranar da ya dawo ina gidan. Ya shiga ɗakin da jakarsa a kafaɗa, Inna na biye da shi tana ɓoye murmushi. Ruwan garau yake. Amma kifayen sun taru a sama suna buɗe baki suna haki, gefen kansu inda suke numfashi ya yi jajir, wani shuɗi ya kwanta a bakin bututu yana juyi a hankali. Yaya ya ɗebi ruwa ya ɗiga magani. Kwalbar ta koma kore shar. Ya waiga ya ga soson fari tas, ya tsaya yana kallonsa.

"Ni na wanke maka," Inna ta ce. "Ka ga dattin da ya fita kuwa?"

Akwai maganin da ake zubawa ya kashe kaifin amoniya, amma ba a haɗa shi da na jan ƙarfe, haɗin guba ne. Abin da ya rage kawai a canza ruwa. Ya zuƙe rabin tankin da tiyo, ya tsotse kashi da ragowar abincin da ke ƙasa, ni da matarsa muna jido ruwan gishirin da ya haɗa ya ajiye a duro. Duron ya ƙare, kwalbar ba ta bar kore ba. Sabon haɗi kuwa sai gishirin ya narke sosai, ɗuminsa ya yi daidai da na tankin, kifayen kuma ba su da wannan lokacin. Ana cikin haka Inna ta shigo tana ɗingishi da bokiti cike da ruwan famfo, ta ɗaga za ta juye.

"Kar ki taɓa!" Yaya ya daka tsawa. "Don Allah ki fita, ki bar min ɗakin nan!"

Tunda na yi wayo ban taɓa jin ya ce mata "ki" ba. Ta sauke bokitin a hankali, ta goge ruwan da ya fallatsa a ƙasa da bakin zaninta, ta fita.

Kaɗan ne suka rayu. Yaya bai sake ɗaga murya ba, ya je ya durƙusa ya ce, "Ba komai, Inna, ku yi haƙuri." Sannan ya sayo kwaɗo ya sa wa ƙofar. Na same shi a mota na zazzage masa abin da ke cikina. Na ce kai ka ce datti, ta wanke datti, laifinta me? Bakinka ciwo zai yi in ka ƙara jimla ɗaya?

"Haba," in ji shi, "wa zai zauna yana yi wa Inna bayanin bakteriya?"

Har yau maganar nan tana min zafi. Matar da ta ƙare ƙarfinta tana yaƙi da ƙwayoyin cuta, da kuɗin wannan yaƙin ya yi karatu, ita ce ba ta isa a yi mata bayani ba. Ni na zauna na yi mata, kuma kafin shayinmu ya huce ta gane.

"Wato ƙwayoyin ne ke raya su," ta ce.

"Su ne, Inna."

"Ni kuma na kashe." Ta juya tafin hannunta tana kallo. "Shekara da shekaru ana yaba min a kan kashe su. Ba wanda ya taɓa ce min akwai na kirki."

Ta ce kwaɗon nan ba zai bar ta ta yi barci a gidan ba, don haka na dawo da ita wurina. Gidana ba inji, ga yara, ga aiki har ya yi yawa, na ɗauka nan za ta warware. Na bar mata kicin gaba ɗaya. Kwanakin baya na ƙona tukunya na bar ta a wurin wanke-wanke, ina ɗaki na ji tana kirana. Na same ta tsaye a gaban tukunyar, hannayenta biyu a baya.

"Zo ki duba min," in ji ta. "Wannan dattin na wankewa ne, ko na ajiyewa?"

Na yi dariya, na ɗauka tsokana ce. Ita ba ta yi ba, amsa take jira.