Gajere da Sandar Ruwa-Biyu

Shekara ashirin da shida Gajere ya yi yana yankan ciyawa a filin wasan golf, kuma a cikin masu zuwa wasa da wuya a sami mutum biyar da suka san sunansa na yanka. Gajere kowa ke ce masa, har da matarsa idan ranta ya ɓaci. Yakan iso tun raɓa ba ta bushe ba, ya fito da injin yanka daga rumfar kayan aiki, ya bi ramukan nan goma sha takwas ɗaya bayan ɗaya. Ya san inda ruwa ke kwanciya bayan an ɗauke sama, ya san gangaren da ke kifar da inji, domin ya taɓa kifewa da shi har kafaɗarsa ta dama ta goce. Da wannan aiki ya aurar da 'ya'ya biyu, ya kai autarsa makarantar koyon jinya.

Wata safiya wani tsohon likita, wanda a lokacin shi ne shugaban kulob ɗin, ya same shi a bayan rumfa yana dukan ƙwallon da ya tsinta da ƙotar fartanya. Gajere ya ɗauka kashinsa ya bushe. Sai likitan ya yi dariya, ya zaro sanda guda daga jakarsa ya miƙa masa. Ba ta cikin sandunan ƙarfe masu siririn kai, ba ta kuma cikin manyan nan masu kai kamar ƙoƙo. Tsakani take, shi ya sa ma'aikata ke ce mata ruwa-biyu.

"Ran Litinin fili a rufe yake," in ji likitan. "Je ka rami na bakwai ka buga abinka. Wanda ya tambaye ka, ka ce ni na sa ka."

Rami na bakwai yana da tafki tsakanin wurin bugun farko da shimfiɗar ciyawar da ramin yake, da tuta a kafe. Shekarar farko kusan duk ƙwallon da Gajere ya buga cikin ruwa ta ƙare. Bakaniken kulob, abokinsa na tun ƙuruciya, yakan tsaya da sifana a hannu yana cewa kifayen tafkin sun kusa kai ƙara, an ishe su da jifa. Gajere bai kula shi ba. A hankali ya gane abin da sandar ke so. Ɗan tsinken da ake ɗora ƙwallo a kai, sai a danna shi ƙasa har ƙwallon ta kusa taɓa ciyawa. A tsaya ƙwallon ta ɗan fi kusa da ƙafar hagu. Kada a yi ƙoƙarin ɗaga ta sama, a share ta kawai kamar mai shara, sandar ita za ta ɗaga. Ciwon kafaɗa ya hana shi kai sanda can baya, wannan kuma ya zame masa alheri, don bugunsa gajere ne kuma kullum iri ɗaya. Ƙwallo talatin duk Litinin, shekara goma sha ɗaya.

Likita ya rasu. Aka kawo sabuwar manaja, mace mai ƙarancin magana, wadda ta liƙa doka a ƙofar ofis cewa duk ma'aikacin da aka kama yana wasa a fili ya bar aiki. Gajere ya karanta, ya ci gaba da zuwa ran Litinin, sai dai ya koma naɗe sandar cikin buhu yana ɓoyewa a bayan buhunan taki.

Wata Alhamis wani ɗan kwangila, dogo mai babbar murya, ya ce an sace masa ruwa-biyunsa daga jaka. Aka bincike ɗakin ajiya, aka bincike kicin, aka zo rumfar kayan aiki. Kafin azahar Gajere na tsaye a ofishin manaja, hularsa a hannu, sandar kwance a kan tebur.

"Ita ce," in ji ɗan kwangila. "Kamfani ɗaya, lamba ɗaya. Me mai yankan ciyawa zai yi da sandar golf in ba sayarwa ba?"

"Ranki ya daɗe, tawa ce," Gajere ya ce wa manaja. "Marigayi likita ne ya ba ni."

"Akwai takarda?"

"Babu."

"Ai dole ka ce mamaci," in ji ɗan kwangila. "Ba zai tashi ya ƙaryata ka ba."

Manaja ta ɗauki sandar ta juya ta. A tsakiyar fuskar kan sandar, inda ke dukan ƙwallo, akwai wuri kamar faɗin kwabo da fenti ya goge har ƙarfe ya fito.

"Yallaɓai, yaushe ka sayi taka?"

"Wata uku."

"Wannan gogewar ba ta wata uku ba ce."

"Ya goge ta da dutse ne don ta yi kama da tsohuwa. Na san halinsu."

Ta dubi Gajere. "In ƙwallo ce ta ci wurin nan, to wanda ya buga ta ya daɗe yana samun wuri ɗaya. Kai ne?"

In ya ce a'a, ya zama ɓarawo. In ya ce e, ya karya dokar da ke liƙe a ƙofar da ya shigo ta cikinta. Ya ce, "Ni ne."

"To gobe da ƙarfe takwas, rami na bakwai. Ƙwallo goma. Zan shafa alli a fuskar sandar mu ga inda kake samu. Sandar za ta kwana a nan."

Da la'asar ya isa gida ya tarar da matarsa tana kwashe shanya. Ya zauna a bakin ƙofa bai cire takalmi ba, ya faɗa mata komai. Ta sauke zane daga igiya.

"Baban Auta, in ka buga daidai za su kore ka?"

"Mai yiwuwa."

"In ka kuskure fa?"

"Za su kore ni, su kira 'yan sanda."

"To ka buga daidai. Kora za mu iya da ita. Amma yarinyar nan ba za ta shiga asibiti aiki ana nuna ta ana cewa 'yar wanda ya saci sanda ba." Ta ninke zanen. "Shekara goma sha ɗaya kana hana ni aikenka ran Litinin saboda sandar nan. Gobe ta biya ni."

Washegari ya tarar da mutum shida a wurin bugun: manaja, ɗan kwangila, mutum biyu daga kwamitin kulob, mai gadi, sai bakanike da ya zo da hujjar gyaran famfo. Gajere bai taɓa bugawa mutane na kallo ba, in ban da abokin nasa. Iska na kaɗawa daga hagu. Manaja ta shafa alli ta miƙa masa sandar.

Lokacin da ya kafa tsinken, bai lura ya bar shi sama ba. Ya yi sauri, sandar ta shige ƙarƙashin ƙwallon, ta tashi sama kamar an jefa hula, ta faɗo tsakiyar tafki. Manaja ta duba. Shaidar ƙwallon na can saman fuskar, nesa da gogewar.

"Mun gani ai," in ji ɗan kwangila. "A kira 'yan sanda."

"Goma na ce," in ji manaja.

Gajere ya goge tafinsa a wando. Bakanike ya yi tari, ya ce kamar da kansa yake magana, "Yau dai Litinin ce, ko ba haka ba?"

Ya durƙusa ya danna tsinken ƙasa da babban yatsa har sai da ƙwallon ta zauna kan ciyawar da shi da kansa ya yanka jiya. Ya gyara tsayuwa. Ya daina kallon tafkin, ya tsayar da ido kan bayan ƙwallon. Ya ja sandar iyakar inda kafaɗa ta yarda, ya share.

Ƙarar ma daban ce. Ƙwallon ta tsallake ruwa ta sauka taku goma daga tuta. Manaja ta duba allin, ta nuna wa 'yan kwamiti, ta sake shafawa.

Ta uku ta sauka kusa da ta biyu. Ta huɗu ma haka. A ta shida kafaɗar ta fara zafi, zufa na shiga masa ido. Ta bakwai iska ta ja ta dama ta faɗa cikin yashi, ɗan kwangila ya matso da sauri, amma shaidar na nan daram a kan gogewar. Daga nan bai ƙara matsowa ba. Da ta goma ta sauka, Gajere ya tsaya riƙe da sandar, ya kasa ɗaga kai.

"Tasa ce," in ji manaja.

"To tawa ina take?"

"Wannan kuma za mu ci gaba da nema, Yallaɓai." Ta juyo wajen Gajere. "Kai kuma ka karya doka, ka sani. Dakatarwar mako biyu. Maganar Litinin zan kai wa kwamiti, kafin nan kada in gan ka a nan da sanda."

"Na gode, ranki ya daɗe," ya ce.

Ba a taɓa samun sandar ɗan kwangila ba, shi ma bai taɓa ba da haƙuri ba. Har Gajere ya yi ritaya, in ya zo wucewa da inji, mutumin kan jawo jakarsa kusa da ƙafa. Kwamiti ya yi wata biyar yana zama kafin ya yarda ma'aikata su riƙa wasa ran Litinin da safe. Ranar farko mutum goma sha huɗu suka fito, har da mai dafa abinci da mai gadi, sanda kuwa guda ɗaya ce. Suka yi layi a bayan Gajere, kowa na jiran ya kafa masa tsinke. Ƙwallo uku kacal ya samu ya buga da hannunsa, ya koma gida yana mita, matarsa na yi masa dariya.