Baba Marhun, Mai Ɗanɗana Ruwan Rijiyoyi

Bari in fara tona wa kaina asiri. Shekara ashirin ina koya wa yara yadda ruwan teku ke kutsawa ta ƙarƙashin ƙasa, har da zane a allo, amma ban taɓa gane rijiyar da ta fara gishiri ba sai shayina ya ƙi shayuwa. Baba Marhun bai taɓa zama a aji ba. Kurɓa ɗaya ta ishe shi.

Shekara arba'in ke nan, kullum bayan asuba, yana saɓa gugansa ya bi gaɓar teku, daga ƙauyenmu Sidra zuwa Muraisi, ya ɓulla garuruwan gindin dutse. Yakan zuba ruwan a tafi, ya kurɓa, ya lumshe ido. In ya haɗiye, mai gona ya yi hamdala. In ya tofar, a fara ɗaure kaya.

A gabana ya tsaya kan Hamud, maƙwabcina, shekarar da ya kafa injin ban ruwa.

"Kashe abin nan, ɗana. Teku kake janyowa."

"Haba Baba! Tekun da ke can? Ko dai bakinka ne ya tsufa?"

"Ya tsufa mana. Amma dabinonka zai riga ni."

Ya kuwa riga shi. Yau Hamud gadi yake yi a birni, kututturan dabinon na nan tsaye.

Baba Marhun, kai ne ka faɗa mana gaskiya muka saka maka da suna Bakin Masifa. Mata na hango ka su turo ƙofa, washegari ka dawo ka yi sallama. Rijiyar marayun Muraisi ta ƙara shekara tara saboda ka hana a ja ta da rana tsaka, ka zauna a bakinta da sandarka. Rijiya sittin da uku ka tarar, ba wadda ka yi wa ƙarya don mai ita ya ji daɗi.

Yanzu gwiwa ta ƙi, Baba ya ce ya ajiye guga. Mun gode, Baba, Allah Ya shayar da kai ruwan Alkausara. Matasanmu da ba su tafi ba tukuna, ku je ku zauna gabansa ku koya, ku daure a zage ku a kan gaskiya.

Rijiya ɗaya ta rage mana a Sidra, ta masallaci. Ranar Talata ya kurɓa, ya tofar.